Yadda ake zaɓen kayan karatu idan za a sake zaman jarrabawar ICAN

Da zarar sakamakon jarrabawar ICAN ya fito, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, sai ka ga wanda ya samu maki 44 ko 47 a wata takarda ya shiga neman littattafai ido rufe. Wannan ya turo masa fayil ta WhatsApp, wancan ya ba shi aron littafin da ya ci jarrabawa da shi shekara shida da suka wuce, wata cibiyar lesin kuma ta tallata masa bidiyo. Kafin wata guda waya ta cika, tebur ya cika, amma har yanzu bai san abin da ya kayar da shi ba. Mai sake zama yana da abin da sabon ɗalibi ba shi da shi: ya shiga ɗakin jarrabawa, ya ga takardar, ya fafata da ita na awa uku. Faɗuwar da ya yi tana ɗauke da bayanin abin da yake buƙata, kuma da wannan bayani ya kamata ya shiga kasuwar littattafai.

Bayanin nan ya fi shafar masu matakin jarrabawar ICAN na biyu da na uku, waɗanda ke zamanta zango-zango a cikin shekara, inda makin ci yake 50 cikin 100. Mai zaman ATSWA, jarrabawar ƙananan akantoci ta Afirka ta Yamma, ko jarrabawar CITN ta masana haraji, ko ta CIBN ta ma'aikatan banki, zai iya bin matakan da ke ƙasa, sai dai ya sa kayan cibiyarsa a madadin na ICAN.

Kayan da za ka tanada

Sakamakonka, mai nuna makin da ka samu a kowace takarda.

Manhajar ICAN da za ta yi aiki a zangon da za ka zauna. Daga shafin cibiyar na intanet za ka sauke ta, kada ka karɓa daga hannun wani.

Littafin darasi na ICAN na takardar da ka faɗi, bugun ƙarshe.

Pathfinder, kundin da ICAN ke fitarwa bayan kowane zango, mai ɗauke da tambayoyi, amsoshi, rabon maki da rahoton masu duba takardu. Kana buƙatar na zangon da ka faɗi da na zango biyar ko shida kafin shi. Na masu ATSWA sunansa Insight.

Littafin rubutu mai kauri guda ɗaya, takardun fulsikaf masu yawa, biro irin wanda za ka yi jarrabawa da shi, da jan biro na duba aiki.

Kalkuleta irin wadda ake bari a shiga da ita, wato wadda ba a iya adana bayanai a cikinta, da agogon da ba na waya ba.

Duk wani abu bayan waɗannan, littafin waje ne ko lesin ko bidiyo, sai ka gama mataki na 1 za ka san ko kana buƙatarsa.

Mataki na 1: Binciko abin da ya kayar da kai

Kada ka kashe ko kwabo tukuna. Idan Pathfinder na zangon da ka faɗi bai fito ba, zauna tun abin yana sabo a kanka ka rubuta abin da ka tuna: tambayoyin da ka zaɓa, wadda ka fara da ita, wadda ka bari rabi, da minti nawa suka rage lokacin da ka kai ta ƙarshe.

Ranar da ya fito, kada ka leƙa amsoshi. Keɓe awa uku a inda ba mai damunka, ka sake rubuta takardar daga farko zuwa ƙarshe, littafi a rufe. Washegari ka ɗauki jan biro ka duba aikinka bisa rabon makin da ke cikin kundin, kuma kada ka ji tausayin kanka. A littafin rubutun nan ka ja gida huɗu: lambar tambaya da batunta, makin da aka ware mata, makin da ka ba kanka, sai dalilin asarar. Dalilan ba su cika wuce biyar ba:

(a) Ban san batun ba sam.
(b) Na san shi a karance, amma lissafin ya ƙi fitowa.
(c) Na amsa abin da ba shi aka tambaya ba.
(d) Lokaci ya ƙare.
(e) Amsar tana kaina, amma na kasa tsara ta da Turanci yadda za ta ci maki.

Yanzu tara makin da kowane dalili ya cinye. A ce ka samu 44, ke nan 56 sun tafi. Da ka lissafa sai ka ga 10 na (a) ne, 14 na (b), 8 na (c), 24 kuma na (d). Mai wannan lissafi ba littafi ne ya yi masa kaɗan ba. Kusan rabin asararsa agogo ne ya jawo, kuma ko littafi goma ya ƙara, a wuri ɗaya zai sake tsayawa. Maganinsa tambayoyin baya da agogo a gabansa. Wanda (a) ya fi yawa a lissafinsa, shi ne mai buƙatar komawa littafin darasi babi babi. Mai (b) yana buƙatar malami ko bidiyon da ake warware lissafi a kan allo. Mai (c) rahoton masu duba takardu ne abincinsa. Mai (e) kuwa, mutum yake buƙata wanda zai riƙa karanta rubutunsa yana gyarawa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne karanta amsar da ke Pathfinder ana gyaɗa kai, ana cewa ai na san wannan. Gane amsa idan an gan ta daban, fito da ita a kan farar takarda daban. Wanda ya tsallake sake rubuta takardar zai ɗora duk sauran matakan a kan zato.

Mataki na 2: Tabbatar da manhajar zangon da za ka zauna

ICAN tana sake duba manhajarta lokaci zuwa lokaci. Takarda kan sauya suna, batu kan tashi daga wata takarda ya koma wata, a ƙara wani, a cire wani. Don haka manhajar da ka zauna da ita wancan karo ba lallai ba ne ita ce ta wannan karo. Sauke ta, ka buga shafukan takardarka kawai, waɗanda ba su da yawa. Idan an yi sauyi, nemi jadawalin da ke nuna wace tsohuwar takarda ce ta koma wace sabuwa, domin ka san ainihin abin da ake binka.

A kan shafukan nan ka bi batutuwa ɗaya bayan ɗaya da biro: alamar ci ga wanda ka iya, da'ira ga wanda kake tangal-tangal a kansa, jan layi ga wanda ba ka sani ba ko wanda aka ƙara sabo. Duba kason makin da aka ba kowane sashe. Ramin da ke sashe mai kaso babba shi ake fara cikewa.

Duba kuma tsarin takardar. A shekarun baya-bayan nan yawancin takardun matakin jarrabawar na biyu da na uku suna da tambaya ɗaya ta dole mai maki 30, sai a zaɓi biyu cikin uku masu maki 20, sannan biyu cikin uku masu maki 15, a cikin awa uku bayan minti 15 na karanta tambayoyi. Minti 180 a raba wa maki 100, kowane maki yana da minti 1.8: minti 54 ga ta dole, 36 ga kowace mai 20, 27 ga kowace mai 15. Idan tsarin zangonka ya bambanta, sake wannan lissafi da kanka, ka rubuta shi a bangon littafin rubutunka.

Mataki na 3: Gwada shekarun kowane littafi kafin ka yarda da shi

Nan ne mutane suka fi cutuwa, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kai. Littafin akanta yana tsufa kamar magani, kuma ba a rubuta masa ranar lalacewa a jiki. Bangon fotokwafi ma ba abin yarda ba ne, don ana iya ɗora sabon bango a kan tsohon ciki. Buɗe shafin ciki ka ga shekarar bugu, sannan ka yi masa gwaji da abubuwan da ka san sun sauya.

Idan na haraji ne, fara da harajin VAT. Littafin da ya ce kashi 5 cikin 100 an rubuta shi ne kafin Fabrairun 2020, lokacin da dokar kuɗi ta 2019 ta mayar da shi 7.5. Duba harajin ilimi da kamfanoni ke biya: ya daɗe a kashi 2, dokar kuɗi ta 2021 ta kai shi 2.5, ta 2023 ta kai shi 3. A ribar da ake ɗora wa harajin ta naira 10,000,000, wani littafi zai ba ka 200,000, wani 250,000, wani 300,000, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa a shekararsa. Sai babban sauyin: a watan Yunin 2025 aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu. Babbar cikinsu ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta haɗe dokokin harajin kamfanoni, na ɗaiɗaikun mutane, na VAT da wasu a wuri ɗaya, ta kuma maye harajin ilimi da wasu ƙananan haraji da harajin raya ƙasa na kashi 4. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ma ta koma NRS. Littafin da bai san da wannan ba, ka san matsayinsa.

Amma a kula, ranar da doka ta fara aiki daban take da zangon da ICAN za ta fara tambaya a kanta. Manhajar da sanarwar cibiyar su ne ke faɗin wannan. Kada ka jefar da tsohuwar doka sai ka tabbatar ta fita daga jarrabawar, kuma kada ka yi watsi da sabuwa don wani a zauren WhatsApp ya ce ba za ta fito ba.

Idan na rahoton kuɗi ne, buɗe babin haya. Littafin da har yanzu yake koyar da IAS 17, tsohuwar ƙa'idar rahoton kuɗi ta duniya a kan haya, ga mai karɓar haya ya tsufa, domin IFRS 16 ta maye gurbinta tun Janairun 2019. Ga yadda bambancin yake a kan takarda. Kamfani ya karɓi hayar inji na shekara uku, yana biyan naira 1,000,000 a ƙarshen kowace shekara, kuɗin ruwa kashi 10. Tsohon littafi zai iya cewa ka rubuta 1,000,000 a matsayin kuɗin haya duk shekara, shi ke nan. A sabuwar ƙa'ida za ka lissafo darajar biyan nan uku a yau, wato 2,486,852, ka shigar da ita a matsayin kadara da kuma bashi. A shekarar farko raguwar darajar kadarar 828,951 ce, kuɗin ruwan bashin 248,685, jimilla 1,077,636. Wanda ya bi tsohon littafi ya rasa makin kadarar, da na bashin, da na raguwar daraja, da na kuɗin ruwa, kuma idan a cikin tambayar dole abin ya zo, kuskuren zai bi shi har cikin jimillar rahoton. Haka za ka gwada babin kuɗin shiga: IFRS 15 mai matakai biyar ta maye IAS 18 da IAS 11 tun 2018. IFRS 9 ma tun 2018 take aiki, IFRS 17 ta inshora tun 2023. IFRS 18, wadda aka fitar a Afrilun 2024 don ta maye IAS 1, za ta fara aiki a Janairun 2027, saboda haka duba ko manhajarka ta riga ta ambace ta.

Idan na dokar kamfanoni ne ko duk takardar da ke taɓa ta, duba ko CAMA ta 1990 yake kawowa ko ta 2020. Gwaji mai sauri: tsohuwar ta ce sai mutum biyu ake kafa kamfani, sabuwar ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani mai zaman kansa, kuma ta sa mafi ƙarancin jarin da za a fitar ya zama naira 100,000 ga irin wannan kamfani, 2,000,000 ga wanda jama'a ke sayen hannun jarinsa.

Idan na binciken asusu ne, nemi babin kula da ingancin aiki. ISQM 1 ta maye ISQC 1 tun Disambar 2022.

An ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a takardun PM, ta auna ƙwazon kamfani, da SFM, ta dabarun sarrafa kuɗi, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Lissafin bambancin kasafi da abin da aka kashe, darajar kuɗin gobe a yau, tsadar jari, duk ba su sauya ba. Littafin da ya shekara takwas zai iya koya maka su da kyau, muddin ka bi manhajar yau wajen zaɓen babi. A haraji da rahoton kuɗi kuwa, tsohuwar zuma guba ce.

Mataki na 4: Tsayar da littafin darasi guda ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa. Kowace takarda ka ba ta littafin tushe guda ɗaya, kuma a mafi yawan lokuta na ICAN ne ya dace, domin a kan manhajar aka tsara shi, kuma ana samunsa a shafin cibiyar ba sai ka saya ba. Yana da aibu, kuma gara ka san shi: wani babin ya yi tsawo, wani misalansa ba su kai tambayoyin jarrabawa wuya ba. Maganin wannan shi ne ƙari kaɗan a kan babin da ya gaza, tushen kuma yana nan a matsayinsa.

Idan kana tunanin sauya littafi, yi wannan gwaji. Zaɓi batu ɗaya da ya kayar da kai, misali haɗe asusun kamfani uwa da 'ya'yanta. Karanta babin a sabon littafin cikin dare biyu, sannan ka amsa tambayar Pathfinder a kan batun wadda ba ka taɓa gani ba. Idan ka samu abin da ya haura rabin makin, littafin ya yi maka. Idan ba ka samu ba, matsalar ba ta littafi ba ce, je ka mataki na 7.

Tsohon littafinka mai jan layi da rubutun gefe, idan ya ci gwajin mataki na 3, ya fi maka sabo fil. Idonka ya san inda komai yake a cikinsa.

Mataki na 5: Shirya Pathfinder yadda zai yi aiki

Kasa kundayen kashi uku. Na zangon da ka faɗi ya riga ya yi aikinsa a mataki na 1. Biyu daga cikin mafi sabunta ka ajiye su a rufe, kada ka buɗe, don su ne jarrabawar gwajinka a makonnin ƙarshe. Sauran ka yi musu fihirisa: a shafi ɗaya na littafin rubutunka ka jera batutuwan manhaja, a gaban kowanne ka rubuta zango da lambar tambayar da ta fito a kansa. Aikin yamma ɗaya ne. Daga nan duk babin da ka gama, ka san tambayoyi uku ko huɗu da za ka gwada kanka da su nan take.

Rahoton masu duba takardu, wanda ke bin kowace amsa, mutane da yawa tsallake shi suke yi, alhali a nan ne ake faɗa maka abin da tambayar ke gwadawa da inda ɗalibai suka yi tuntuɓe. Karanta na zango biyar a jere, za ka ga ƙorafi iri ɗaya yana maimaituwa. Kwafe su da hannunka. Lura kuma da aikin da kowace tambaya ta sa ka: wadda ta ce ka lissafo, da wadda ta ce ka tattauna, da wadda ta ce ka ba wa shugaban kamfani shawara a cikin wasiƙa ko rahoto, kowacce da siffar amsarta, kuma rabon maki yana nuna cewa har tsarin wasiƙar kan ci maki.

Gargaɗi biyu. Amsar haraji da ke tsohon Pathfinder da dokar wancan lokaci aka yi ta. Riƙe tambayar, ka lura da shekarar harajin da ta ambata, sannan ka sake warware ta da dokar da manhajarka ke nema, kada ka haddace alƙaluman da ke ciki. Na biyu, amsoshin kundin sukan fi abin da mutum zai iya rubutawa a minti 27 tsawo, don an faɗaɗa su ne saboda koyarwa. Rabon makin ne zai nuna maka gaɓoɓi nawa ake buƙata.

Mataki na 6: Littattafan waje, inda suke amfani da inda ba sa yi

Littattafan ACCA, cibiyar akantoci ta Birtaniya, na maɗaba'un BPP da Kaplan, suna yawo sosai a hannun ɗaliban ICAN, kuma suna da amfani a inda ƙa'idar ta duniya ce: rahoton kuɗi, binciken asusu, PM da SFM. Kundayen tambayoyinsu suna da yawa, ga bayani daki-daki, don haka mai matsalar (b) zai ƙaru da su. A bangonsu ana rubuta zangunan da bugun ya shafa, sai ka duba.

A haraji kuwa kada ka kusance su, domin yawancin waɗanda ke yawo harajin Ingila suke koyarwa. Haka dokar kamfanoni. Takardar PSAF ta asusun gwamnati ma ba ta da takwara a can: tsarin asusun bai-ɗaya na TSA, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007, aikin babban akanta da babban mai binciken kuɗi na tarayya, duk sai a kayan gida. Ko a inda littafin waje ya yi amfani, da shi ake koyon batu, da Pathfinder ake koyon jarrabawa, saboda salon tambayar cibiyoyin biyu ba ɗaya ba ne.

Mataki na 7: Lesin, bidiyo da zaurukan waya

Mai sake zama ba ya buƙatar zama a aji daga babi na 1 tare da sababbin ɗalibai, sai dai idan makinsa bai kai 35 ba kuma (a) ne ya cika lissafinsa. ICAN tana da jerin cibiyoyin koyarwa da ta amince da su, fara dubawa a nan. Kafin ka biya, ka yi tambaya huɗu: wa zai koyar da takardar, da wace manhaja, shin za a iya biyan kuɗin takarda ɗaya kawai, kuma shin suna duba rubutun ɗalibi su mayar masa da maki da gyara? Ta ƙarshen nan ta fi sauran nauyi. Nemi a bar ka ka zauna aji ɗaya kafin biya.

Bidiyo ma yana tsufa kamar littafi. Tambayi shekarar da aka ɗauke shi, ka yi masa gwajin mataki na 3. Akwai darussa kyauta a YouTube da OpenTuition, sai dai na OpenTuition a kan manhajojin waje irin na ACCA aka yi su, don haka sharuɗɗan mataki na 6 sun hau kansu. Sauke na batutuwan da ka ja wa jan layi kawai, a lokacin da data ke araha. Kallo kuma da biro a hannu ake yi: malami ya karanta tambaya, ka tsayar da bidiyon, ka gwada, sannan ka ci gaba.

Idan babu cibiya a garinku ko kuɗin bai kai ba, ku haɗu ku uku ko huɗu masu takarda ɗaya, ku riƙa rubuta tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, ku yi musayar takardu ku duba wa juna da rabon maki. Ku yi bayani da Hausa don abin ya zauna, amma amsa da Turanci za a rubuta ta kowane lokaci, musamman ga mai matsalar (e). ICAN tana da rassan membobi a manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna. Ka je da ladabi ka nemi wanda ya riga ya ƙware ya duba maka takarda ko da sau ɗaya a wata.

Ka guji masu sayar da jerin wuraren da wai za su fito. Idan ka bar wani batu saboda su, sai ya fito a tambayar dole, ka koma neman maki 50 a cikin 70, ga kuma faɗuwar gaba tun minti na farko. Fayil ɗin da ba shi da sunan marubuci ko shekara, goge shi. Na'urorin ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya a waya suna iya sauƙaƙa maka bayani mai wuya, amma duk wani kaso na haraji ko sashen doka da suka ba ka, sai ka gan shi a dokar ko a littafin ICAN kafin ka rubuta shi a littafinka.

Mataki na 8: Abin da ake bugawa da abin da ake bari a waya

Fara ware kuɗin rajistar jarrabawa da na sabunta zamanka ɗalibi, abin da ya saura shi ne na kayan karatu. Kada ka buga littafin darasi gaba ɗaya. Buga babin da ka ja wa jan layi ko da'ira kawai. Tambayoyin Pathfinder ka buga su daban, amsoshin su zauna a waya ko kwamfuta, don ido ba ya jure ganin amsa a shafi na gaba. Buga kuma shafin ƙa'idojin lissafi da jadawalan da ake bayarwa tare da takardar PM da SFM, da jadawalin kason haraji na takardar haraji, ka riƙa aiki da su kullum har hannunka ya san inda kowane abu yake.

Shafi biyu a fuska ɗaya yana rage kuɗi, kuma ya yi wa babin bayani. A babin da ke da rahoton kuɗi mai ginshiƙai da yawa kada ka yi haka, alƙaluman za su ƙanƙance har 3 ta yi kama da 8. Takarda tana da wani amfanin: ko an ɗauke wuta, waya ta mutu, da fitila mai caji za ka ci gaba.

Mataki na 9: Gwada kayan, sannan ka rufe ƙofa

Tsakanin fitowar sakamako da zango na gaba, a ce kana da mako 16. Biyun farko na bincike ne da tara kaya. Takwas na cike ramuka, kowane babi da tambayoyinsa. Huɗu na tambayoyi zalla da agogo. Biyun ƙarshe na jarrabawar gwaji da kundayen nan biyu da ka ajiye a rufe, a daidai lokacin ranar da za a yi ta gaske, da biron da kalkuletar da za ka shiga da su. Mai aiki a sashen kuɗi ya cire kwanakin rufe asusun wata daga lissafinsa tun farko, don ba a karatu a cikinsu. Idan azumi ko salla ya faɗo a tsakiya, a tsara da su.

A ƙarshen mako na huɗu ka koma littafin rubutun nan, ka amsa tambayoyi uku sababbi a kan batutuwan da ka gyara, ka cika gidajen huɗu kamar da. Idan dalilin da ya fi cin maki ya ragu, kayan da ka zaɓa suna aiki, ka ci gaba da su. Idan bai motsa ba, sauya abu ɗaya tak, wanda ya shafi wannan dalilin, ka ba shi mako biyu ka sake aunawa.

Idan ya rage mako shida, kada wani sabon littafi, ko fayil, ko bidiyo ya ƙara shigowa. Abin da aka yarda ya shigo bayan nan shi ne sanarwar ICAN kanta game da doka, manhaja ko tsarin takarda, don haka ka riƙa leƙa shafin cibiyar sau ɗaya a mako har ranar da za ka buga takardar shiga ɗakin jarrabawa.